Lissafin Yaɗuwar Cututtuka a Matsayin Aikin Jami'a: Amsa ga Wani Mai Bautar Ƙasa

Tambayar ta fito ne daga wani matashi da ya gama digirin farko a lissafi, yanzu yana bautar ƙasa. Ya ce: "Assalamu alaikum Malam. Tun zamanin korona nake jin ana cewa masana lissafi sun yi hasashen yadda cuta za ta bazu. Ina so in bi wannan fanni har in zama malamin jami'a mai bincike a kansa. Sai na koma na karanta likitanci? Me ya kamata in koya, ina zan nufa, kuma aikin yana riƙe mutum da iyalinsa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa a gama bautar ƙasa lafiya.

Ba sai ka karanta likitanci ba. Da yawa daga cikin manyan fannin nan ta wata ƙofa suka shigo. Robert May, wanda shi da Roy Anderson suka tsara yadda ake koyar da fannin a yau, fiziks ya karanta tun farko, shi kuwa Anderson ta nazarin dabbobi da tsutsotsin da ke rayuwa a jikinsu ya biyo. Neil Ferguson na Kwalejin Imperial da ke Landan, wanda sunansa ya cika kafafen yaɗa labarai a 2020, shi ma a fiziks ya yi digirin digirgir. Na gida kuma akwai Farfesa Abba Gumel, wanda ya yi digirin farko a lissafi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi na digirgir a Jami'ar Brunel a Ingila, ya koyar a Manitoba ta Kanada da kuma Arizona, daga baya ya koma Jami'ar Maryland a Amurka. Daga irin ajin da ka fito aka bi hanyar nan.

Sai dai an ɗauke maka zama likita ne kawai, ba a ɗauke maka sanin cuta ba. A kan wannan zan fi tsayawa, domin nan ne nake ganin yaranmu masu kaifin ƙwaƙwalwa suna ɓata shekarunsu.

Ga yadda aikin yake. Ka ɗauki mutanen gari ka kasa su gida uku: waɗanda za su iya kamuwa, waɗanda ke ɗauke da cutar suna yaɗa ta, da waɗanda suka warke suka samu garkuwa ko suka rasu. Sai ka rubuta lissafin yadda mutane ke fita daga wannan gida suna shiga wancan a kullum. Wannan shi ne samfurin SIR, wanda ya samo asali daga aikin da Kermack da McKendrick suka wallafa a 1927. McKendrick likitan soja ne da ya daɗe yana aiki a Indiya, Kermack kuma masanin sinadarai. Abin da suka nuna shi ne annoba tana lafawa tun ba ta gama da kowa ba, saboda da zarar masu iya kamuwa sun ragu sun sauka ƙasa da wani mizani, kowane mara lafiya ba ya samun wanda zai miƙa wa ita. Daga irin wannan tunani aka samu lambar da ake kira R0, wato yawan mutanen da mai cuta guda zai harba a garin da babu mai garkuwa.

Ka duba ƙyanda, baƙon dauro. R0 ɗinta ana sa shi tsakanin 12 da 18. Mu ɗauki 15. Kafin a tare ta sai an ba kashi 1 − 1/15 na jama'a garkuwa, wato kusan 93 cikin 100. Allurar da ake yi wa jariri a wata tara kuwa tana kamawa ne a jikin kusan 85 cikin 100 na yaran. To ka ga ko da an yi wa kowane yaro a garin ba a tsallake ko ɗaya ba, allura ɗaya ba za ta kai mu 93 ba. Dalilin allura ta biyu ke nan, wadda a Najeriya ake yi a wata 15. Lissafin layi biyu ne, amma lamba ɗaya daga cikinsa daga asibiti da ɗakin gwaji ta fito. Wanda bai san ta ba, komai iya lissafinsa, amsar da zai bayar kuskure ce.

Yanzu bari in ba ka labarin da nake so kowane ɗalibin wannan fanni daga ƙasar Hausa ya riƙe. Ronald Ross, wanda ya gano a 1897 cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ya nuna da lissafi a 1911 cewa ba sai an kashe sauro duka ba, in aka rage shi ƙasa da wani adadi cutar za ta mutu da kanta. A shekarun 1950 George Macdonald ya faɗaɗa lissafin, ya nuna abin da ya fi tasiri shi ne tsawon ran macen sauro, domin ƙwayar cutar tana bukatar kwana goma ko fiye a cikinta kafin ta iya harbin wani. In aka gajarta ranta, an karya cutar. Wannan tunani ya ƙarfafa shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na kawar da zazzaɓin a duniya, wanda aka fara a 1955 ta hanyar fesa magani a bangon ɗakuna. Shirin ya ci nasara a wasu ƙasashe, amma mafi yawan Afirka ta kudu da Sahara ba a shigar da ita sosai ba, tambayar ta zauna babu amsa: a irin ƙasarmu, inda sauro ke cizo ba ƙaƙƙautawa duk damina, zai yiwu?

A Garki aka je neman amsar, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yau kuma tana Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da bincike a ƙauyukan yankin. Ana zagayowa duk mako goma ana ɗibar jinin mutane ana dubawa, ana kama sauro ana ƙirgawa, ana rubuta haihuwa da mutuwa. Sai da aka ɗauki lokaci ana auna yadda abin yake ba tare da an taɓa komai ba, sannan a 1972 da 1973 aka yi feshin maganin propoxur a ɗakuna, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da raba wa kowa maganin zazzaɓi. Masu ɗauke da ƙwayar cutar sun ragu ƙwarai inda aka haɗa biyun, amma yaɗuwar ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita ya huta, feshin ba ya samunsa. Tsohon lissafin ya ɗauka kowane sauro daidai yake da ɗan'uwansa. A cikin wannan aiki ne Klaus Dietz da Louis Molineaux da A. Thomas suka fitar da sabon samfuri a 1974, wanda ya shigar da garkuwar da babba ke tarawa bayan ya sha kamuwa tun yana yaro, suka kuma gwada shi da alƙaluman ƙauyukan. Har yau masu gina samfurin zazzaɓin cizon sauro a manyan cibiyoyin duniya suna komawa ga bayanan Garki su auna aikinsu. Jinin kakanninmu ne a cikin waɗannan alƙaluma, kuma yana damuna ƙwarai in ga ɗalibi ya rubuta kundin digiri na biyu a kan wannan zazzaɓi bai taɓa jin sunan binciken ba.

Misali na biyu daga Nijar yake. A Ingila kafin zuwan rigakafi, ƙyanda takan tashi kusan duk shekara biyu, kuma buɗe makarantu da rufe su ne ke juya ta. Da Matthew Ferrari da Rebecca Grais da Bryan Grenfell da abokan aikinsu suka duba alƙaluman Yamai, a aikin da suka wallafa a 2008, sai suka ga wani abu daban. Cutar tana tashi da rani, ta faɗi da saukar damina, wasu shekarun ta yi shiru kamar ta ɓace, sannan ta dawo da ƙarfi a lokacin da ba a zata ba. A 2011 Nita Bharti da abokanta suka yi amfani da hotunan hasken dare da tauraron ɗan'adam ke ɗauka a kan Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka nuna hasken garuruwan yana ƙaruwa da rani yana raguwa da damina, kuma yaɗuwar ƙyanda tana bin sa. Kai da ni mun san abin da suka gani: 'yan cin rani ne, ana gama girbi su cika birni, hadari na haɗuwa su koma gona. Abin da aka sha wahala aka gano ta sararin samaniya, kai da shi ka tashi. Ka san ranakun kasuwa, ka san yadda ake cika gidan biki da gidan makoki, ka san mutum nawa ke kwana ɗaki ɗaya da hunturu, lokacin da sanƙarau ke fara leƙowa, ka san wa ake fara kai wa mara lafiya kafin asibiti. Wannan jari ne da ba kowa ke da shi ba a fannin, in ka haɗa shi da horo mai kyau.

Ga kuma ramin da nake so ka kauce wa. Akwai wani salon takarda da ya yi yawa a jami'o'inmu. A ɗauko SIR a ƙara masa gida biyu ko uku, a fitar da R0 da dabarar da van den Driessche da Watmough suka tsara a 2002, a tabbatar cewa in R0 bai kai ɗaya ba cutar za ta mutu, a cika jadawali da lambobin da aka kwaso daga wata takarda ko aka ƙaddara kawai, a zana hoto, a rufe da shawarar cewa gwamnati ta ƙara wayar da kai. Gobe a cire sunan kwalara a sa na tarin fuka a sake bugawa, kamar telan da ke yanka wa kowa riga da awo ɗaya. Lissafin ciki sau da yawa daidai ne, kuma koyon dabarun wajibi ne a kanka. Amma takardar ba ta amsa tambayar kowa ba, babu jami'in lafiya da zai sauya ko da ranar fita rigakafi saboda ita. Tsarin ƙarin girma da ke ƙirga yawan takardu shi ke ciyar da wannan ɗabi'a, da kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu. Irin waɗannan takardu za su iya ɗaga ka mataki a gida, amma ranar da ka nemi gurbi ko kuɗin bincike a waje, masu tantancewa sun san mujallun ɗaya bayan ɗaya, kuma za su zame maka nauyi. In zuciyarka ta fi karkata ga tsantsar lissafi, wato tabbatar da ka'idoji a kan irin waɗannan samfura, wannan ma fanni ne mai daraja, sai ka shige shi da gaske ka yi sabon abu. Abin da nake hana ka shi ne tsayawa a tsakiya, babu sabon lissafi, babu amfani ga lafiya.

Abin da za ka koya kuwa, rabinsa yana hannunka. Kalkulas, aljebra ta jadawalin lambobi, da lissafin yadda abu ke sauyawa da lokaci, duk ka yi su. Inda ɗalibanmu suka fi rauni shi ne ƙididdiga da lissafin yiwuwa, sai rubuta umarnin kwamfuta. Ka zauna da R ko Python, harsunan rubuta umarnin kwamfuta, har hannunka ya faɗa, kyauta ne duka biyun. Ka koyi yadda ake daidaita samfuri da alƙaluman gaske, har da hanyar Bayes, wato gyara hasashe duk lokacin da sababbin alƙaluma suka zo, da yadda ake faɗin iyakar abin da alƙaluman za su iya tabbatarwa. Ka koyi samfurin da ke barin gurbi ga katari, domin a farkon annoba, sa'ad da masu cutar ba su wuce biyar ko goma ba, sa'a da tsautsayi suna iya yanke hukuncin ko za ta kama ko za ta mutu. Bayan haka ka zaɓi cuta ɗaya ka san ta ciki da bai: kwana nawa take ɓoye a jiki, yaushe mai ita ke fara yaɗa ta, da me ake gwada ta, gwajin yana kuskure sau nawa, wa ke zuwa asibiti wa ke zama a gida.

Wannan na ƙarshen babba ne a wurinmu. Lambar da ke cikin rahoto adadin waɗanda aka gani ne aka rubuta, ba adadin waɗanda suka kamu ba. Yawan jama'ar da za ka raba da shi ma hasashe ne, tunda ƙidayar Najeriya ta ƙarshe a 2006 aka yi ta. Shi ya sa za ka ga rahoton wata ƙaramar hukuma ya nuna an yi wa fiye da kashi 100 na yara rigakafi. Ka nemi zama da jami'an sa ido kan cututtuka na ƙananan hukumomi, ka ga yadda ake cika fom, da yadda bayanan ke hawa DHIS2 da SORMAS, manhajojin tattara bayanan lafiya. In kuma ka yi aiki da bayanan da wasu suka sha rana suka tara, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ka sa sunayensu a takardar.

Wajen karatu, ka fara duba AIMS, cibiyar lissafi ta Afirka da Neil Turok ya kafa a 2003 a Muizenberg kusa da Kef Tawun, wadda yanzu take da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda. Digiri na biyu ne na kusan shekara guda, ana ɗaukar nauyin wanda aka zaɓa, kuma malamai daga ƙasashe da dama suke zuwa koyarwa, ta nan ɗalibai da yawa suka haɗu da wanda ya ja su zuwa digirgir. A Afirka ta Kudu akwai cibiyar SACEMA a Jami'ar Stellenbosch, lissafin yaɗuwar cututtuka ne aikinta kacokan. A Landan akwai Imperial da kuma makarantar nazarin lafiyar jama'a da cututtukan ƙasashe masu zafi, wadda take da babbar cibiyar bincike a Gambiya. A gida akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da jami'ar AUST a Abuja, da cibiyar ACEPHAP a Jami'ar Bayero ta ɓangaren lafiyar al'umma. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai da cibiyar bincike ta Epicentre a Maraɗi. Tallafin Commonwealth da na DAAD na Jamus ana nemansu duk shekara. Na TETFund kuwa sai wanda ya riga ya zama malami a makarantar gwamnati.

Amma sunan malamin da zai duba aikinka ya fi sunan jami'a muhimmanci. Kafin ka rubuta masa, karanta takardunsa na baya-bayan nan. Akwai alƙaluman gaske a ciki? Akwai likita ko jami'in lafiya cikin marubutan? Ɗalibansa na baya suna ina yanzu? Wasiƙar da ta nuna ka karanta aikin mutum, ka kuma zo da tambaya a kansa, ita ake amsawa.

Akwai nauyin da ke kan mai wannan aiki wanda ba a koyarwa a aji. A Satumban 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da lissafin cewa masu Ebola a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 zuwa Janairun 2015 in ba a ƙara ɗaukar mataki ba, kuma mutane ba su sauya hali ba. A ƙarshe waɗanda aka rubuta sun kamu a annobar duka kusan 28,600 ne, waɗanda suka rasu kusan 11,300. Haka rahoton Imperial na 16 ga Maris 2020 ya ce mutum 510,000 za su iya mutuwa da korona a Birtaniya in ba a yi komai ba. Duka biyun da sharaɗi aka faɗe su, amma lambar ce ta yi yawo, sharaɗin ya zauna a takarda, daga baya aka ce masana sun yi ƙarya. Mu da muka ga abin da rashin yarda ya jawo lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, mun san tsadar amana in ta zube. Duk lambar da za ka faɗa wa kwamishina ko ɗan jarida, ka faɗe ta tare da sharaɗinta a jimla ɗaya, da Hausar da mahaifiyarka za ta gane.

Batun riƙe iyali, zan faɗa maka yadda yake. Albashin malamin jami'ar gwamnati a Najeriya bai taka kara ya karya ba, ajujuwa cike suke, koyarwa da duba takardun jarrabawa suna cinye lokacin bincike, ga yajin aiki irin na 2022 da ya kai wata takwas. A waje kuma, bayan digirgir na shekara uku zuwa huɗu a Birtaniya, ko biyar zuwa sama a Amurka, yawanci sai mutum ya yi aikin bincike na kwantiragin shekara biyu ko uku, wani lokaci sau biyu, kafin ya samu kujera tabbatacciya, kuma masu nema sun fi kujerun yawa. Wanda ke da mata da yara ya yi shawara da su tun kafin ya ɗaura niyya. Sauƙin fannin shi ne ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Kwamfuta da intanet da abokan aiki nagari sun isa ka yi aikin da duniya za ta karanta kana zaune a Kano ko Sakkwato. Malamin da ya samu kuɗin bincike na haɗin gwiwa kuma rayuwarsa takan sauya. In jami'a ba ta yi ba, ƙwarewar tana da masu nema: NCDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, da takwararta ta Tarayyar Afirka da aka buɗe a Adis Ababa a 2017, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da ƙungiyoyin agaji masu aikin rigakafi.

Kafin ka gama bautar ƙasa ga aikin da zan ba ka. NCDC tana wallafa rahoton zazzaɓin Lassa mako-mako a shafinta. Ka sauke na shekaru uku ko huɗu, ka kwashe lambobin da hannunka zuwa jadawali, ka zana su a R. Za ka ga cutar tana tashi tsakanin Janairu da Maris, kuma Ondo da Edo da Bauchi ne ke ɗauke da kaso mafi girma. Ka gwada ɗora SIR a kai, za ka ga bai zauna ba, domin yawancin masu Lassa daga ɓera suke kamuwa, daga mutum zuwa mutum kaɗan ne, an fi ganinsa a asibiti. Sai ka karanta rayuwar ɓeran, lokacin haihuwarsa da lokacin da yake shigowa gidaje, ka gyara samfurin, ka rubuta shafi biyu a kan abin da ya dace da abin da ya ƙi. Waɗannan shafuka biyu su za ka haɗa da takardar neman gurbinka da wasiƙar da za ka aika wa malamin da ka zaɓa. Allah ya yi jagora.